Daga Danko Zuwa Leda: Tarihin Gano Sarƙar Polima da Abin da Ya Biyo Baya

1.0 Gabatarwa

Bahaushe yakan kira tayar mota roba, ya kira bokitin ɗiban ruwa roba. Haka nan takalmin damina da butar alwala da igiyar shanya, duk roba ce a wurinsa. Mai yiwuwa wani ya ɗauka ƙarancin kalmomi ne ya jawo haka, tun da yake Turawa sun ba kowane ɗaya daga cikinsu sunansa dabam. To amma a wajen masana ilmin haɗa sinadarai, watau kemistiri, Bahaushe bai kauce hanya ba, domin kuwa dukkan abubuwan nan dangi ɗaya ne, sunan dangin nasu polima.

Manufar wannan takarda ita ce mu bi diddigin yadda ɗan Adam ya san wannan dangi. Za mu ga cewa an yi dubban shekaru ana amfani da polima ba a san yadda ƙirarta take ba, kuma sai a shekarun 1920 aka gano sirrinta, bayan doguwar gardama tsakanin masana. Daga nan ne masana'antu suka sami ikon ƙera ta yadda suke so. Abin da suka fi nema a cikinta shi ne ƙarko, watau kada ta ruɓe, kada ta yi tsatsa, kada gara ta ci ta. Sun sami biyan bukata, kuma wannan ƙarkon shi ne ya zamar mana matsala a yau. A ƙarshe za mu duba matsayin ƙasashenmu a cikin wannan tarihi.

2.0 Ma'anar Polima

Kafin mu shiga tarihi, ya kamata mu daidaita kalmomin da za mu yi aiki da su. Kowane abu na duniya an gina shi ne da ƙwayoyin zarra, irin su kabon da haidurojin da oksijin. Idan zarra biyu ko fiye suka ɗaure da juna, gungun da suka yi shi ake kira molikul. Molikul ɗin ruwa zarra 3 ne kacal, na sukarin shayi kuwa zarra 45. Polima ita ce molikul wanda ya ƙunshi dubban zarra, jere da juna kamar zobban sarƙa, zobe iri ɗaya ko iri biyu yana ta maimaituwa. Shi wannan zobe ɗaya sunansa monoma. Asalin kalmar polima daga Girkanci ne, ma'anarta sassa masu yawa. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Berzelius, shi ne ya shigo da ita cikin ilmi a farkon shekarun 1830, ko da yake abin da yake nufi da ita ya bambanta da na yanzu.

Abubuwa uku ne suke ba kowace polima halinta:

(a) irin zoben da aka gina sarƙar da shi;
(b) tsawon sarƙar;
(c) yadda zobban suka ƙullu, da yadda sarƙoƙin suke kwanciya kusa da juna.

Alal misali, iskar gas ɗin nan da ake kira etilin tana da kabon 2 da haidurojin 4. In aka jera dubbanta a sarƙa ɗaya, sai ta zama ledar da ake ƙunshe kayan miya. Wani misalin da ya fi wannan ban mamaki shi ne na sitaci da auduga. Sitacin da ke cikin dawa da gero, da sinadarin selulos wanda shi ne jikin auduga da itace, duka biyun da zoben sukari iri ɗaya aka gina su, watau gulukos. Bambancinsu kawai yadda zobban suka ƙullu. Wannan ɗan bambanci shi ya sa cikin mutum yake narkar da tuwo amma ba ya narkar da kara, saniya ma sai da taimakon ƙananan halittun da ke cikin tumbinta.

Har ila yau akwai rabe-rabe guda wanda zai yi mana amfani a gaba. Wasu robobi sarƙoƙinsu a sake suke, saboda haka suna narkewa da zafi su daskare da sanyi, kamar man shanu, ana kuma iya maimaita haka. Wasu kuwa an ɗaure sarƙoƙinsu da juna sun zama kamar koma, sun yi kama da dafaffen ƙwai, wanda ba ya komawa ɗanye.

3.0 Zamanin Amfani Ba Tare da Sani Ba

In muka duba sana'o'inmu na gargajiya, za mu tarar da yawansu aikin polima ne. Mai kaɗi da masaƙi da selulos suke aiki. Majemi kuwa, sa'ad da ya jiƙa fata cikin ruwan bagaruwa, sinadarin da ke cikin bagaruwar yana ɗaure sarƙoƙin furotin ɗin fatar da juna, don haka ba ta ruɓewa. Da wannan hanya aka jeme fatun jajayen awakin Sakkwato da aka riƙa ketarawa da su hamada, har suka yi suna a Turai da sunan fatun Maroko. Ƙaron da malamai suke sa wa tawada don ta kama allo shi ma polima ne na dangin sukari, haka nan yauƙin kuɓewa. Babu ɗaya daga cikin masu waɗannan sana'o'i da ya san da wata sarƙa, amma sun gwanance da sarrafa ta.

Danko kuwa, mutanen da suka zauna a inda ake kira Meziko a yau su ne aka san sun fara sarrafa shi. An tono ƙwallayen danko a can waɗanda aka yi su wajen shekara 1600 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.). Sukan gauraya ruwan itacen danko da ruwan wata ciyawa mai yaɗo don ya ƙara tsalle. Turawa ba su mai da hankali a kansa sosai ba sai da wani Bafaranshe, La Condamine, ya aika da samfurinsa birnin Faris daga Kudancin Amurka a 1736. A 1770 Joseph Priestley na Ingila ya bayyana cewa yana goge rubutun fensir, daga nan ya sami sunansa na Ingilishi mai ma'anar abin gogewa, wanda muka ara muka mayar roba.

A 1823 Charles Macintosh na birnin Gilasgo ya narkar da danko ya shafa tsakanin ƙyalle biyu, ya yi rigar ruwa. Sai dai ɗanyen danko yana da aibi babba. Da zafi yakan yi laushi ya riƙa kama jiki yana wari, da sanyi kuwa ya sandare. Kamfanoni da yawa a Amurka sun karye a shekarun 1830 saboda wannan dalili. Charles Goodyear shi ne ya gano maganin abin a 1839, sa'ad da ya ga cewa in aka dafa danko tare da farar wuta, zafi da sanyi ba sa canja shi. Ya sami takardar mallakar fasahar a 1844, ya kuma rasu a 1860 da bashi mai yawa a kansa, bai san dalilin da ya sa dabararsa take aiki ba. Yanzu mun san cewa zarrar farar wuta ce take yin gadoji tsakanin sarƙoƙin dankon, ta hana su zamewa. Ke nan aikin Goodyear da na majemin Kano asalinsu ɗaya.

4.0 Danko, Hauren Giwa da Mulkin Mallaka

A 1888 John Dunlop ya ƙera tayar keke mai iska a birnin Belfas, ba da jimawa ba kuma motoci suka fito. Nan take danko ya zama abin da duniya take rububi, alhali kuwa a daji kawai ake samunsa. Nauyin wannan bukata a kan talakawan ƙasashe masu zafi ya faɗa. Mafi muni shi ne abin da ya faru a Kwango, wadda Sarki Leopold na Biyu na Beljiyam ya riƙe a matsayin mallakar kansa daga 1885 zuwa 1908. An ɗora wa ƙauyuka harajin danko, wanda ya gaza cikawa a yi garkuwa da iyalinsa, ko a kashe shi, ko a yanke masa hannu. Masana tarihi da yawa sun ƙiyasta cewa miliyoyin mutane ne suka halaka ta hanyar kisa da yunwa da cututtuka a wannan zamani. Rahoton da Roger Casement ya rubuta a 1904 yana cikin abubuwan da suka tona asirin.

Afirka ta Yamma ma ta shiga wannan ciniki. Gwalkwas, watau Gana ta yanzu, ta fitar da danko mai yawa a shekarun 1890. A Ikko kasuwarsa ta buɗe wajen 1894, amma cikin 'yan shekaru ta faɗi, domin an yi ta tsaga itatuwan ba ƙaƙƙautawa har suka mutu. A nan Arewa an tatsi dankon gamji, wanda Turawan ciniki suka sa wa sunan Kano.

Abin da ya kashe kasuwar dankon daji gaba ɗaya shi ne noma. A 1876 Henry Wickham ya kwaso irin itacen danko kimanin 70,000 daga Burazil ya kai lambun Kew da ke Landan. Ƙasa da 3,000 ne suka tsiro, aka rarraba dashen zuwa Silon da Malaya. Ya zuwa 1913 gonakin Asiya sun fi dazukan Burazil samar da danko.

A wannan ƙarni na 19 ɗin dai aka soma neman abin da zai maye gurbin kayan da suke tsada. Hauren giwa, wanda yawancinsa daga Afirka ake kai shi, da shi ake yin mataji da ƙwallayen wasan tebur. Alexander Parkes ya nuna wani abu da ya yi daga auduga da aka jiƙa da asid a bajekolin Landan na 1862. John Wesley Hyatt na Amurka ya kyautata shi wajen 1870 ta hanyar haɗa shi da kafur, aka sa masa suna seluloid. Da shi aka yi fim ɗin hoto da na silima na farko, sai dai yana da saurin kama wuta. A 1907 kuma Leo Baekeland, ɗan asalin Beljiyam mazaunin Amurka, ya haɗa sinadaran finol da fomaldihaid ya sami Bakelite, robar farko da babu polimar itace ko ta dabba a cikinta. Ba ta narkewa, wutar lantarki ba ta bi ta cikinta, saboda haka aka yi makunnan fitila da akwatunan rediyo da wayar tarho da ita. Shi ma Baekeland, kamar Goodyear, gwaji da haƙuri ne suka kai shi.

5.0 Gardamar Staudinger

Har zuwa 1920 yawancin manyan masanan kemistiri ba su yarda akwai molikul mai dubban zarra ba. Emil Fischer, wanda ake ganin babu kamarsa a Jamus, mafi girman molikul da ya iya haɗawa nauyinsa bai wuce kimanin 4,000 ba, in aka auna da nauyin zarrar haidurojin ɗaya. Ra'ayin da ya yaɗu shi ne cewa danko da selulos ƙananan molikul ne da suka cure wuri ɗaya, wani rarraunan ƙarfi yana riƙe da su, kamar yadda ƙudan zuma suke yin cincirindo a reshe.

Hermann Staudinger, Bajamushe mai koyarwa a birnin Zurik na ƙasar Suwizalan, shi ne ya fito a 1920 ya ce ba haka ba ne. A ganinsa dogayen sarƙoƙi ne, kuma ɗaurin da ke tsakanin zobbansu daidai yake da ɗaurin da ke cikin kowane molikul. Ya kawo hujja ta gwaji a 1922. Masu ra'ayin cincirindo sun ce wasu guraben ɗauri da ke jikin molikul ɗin danko su ne suke jawo curewar. In haka ne, in aka cike guraben da haidurojin, sai curin ya watse, dankon ya koma ruwa mai tsinkewa. Staudinger ya cike su, abin da ya samu kuwa bai tsinke ba, yana nan da kaurinsa. A wannan shekara ce ya ƙirƙiro kalmar makromolikul, watau ƙaton molikul.

Duk da haka ba a sallama masa ba. A wani babban taron masana da aka yi a birnin Dusaldof a 1926, kusan shi kaɗai ya tsaya a kan ra'ayinsa. Abokan aikinsa suna ganin kayan da yake bincike a kansu dagwalo ne kawai wanda ba a tace ba. Abin da ya raba gardama daga wasu fannoni ya zo. A 1926 Theodor Svedberg na Suwidin ya yi amfani da wata na'ura mai tsananin juyawa ya auna nauyin furotin ɗin da ke sa jini ja, ya sami kimanin 68,000. A 1928 Kurt Meyer da Herman Mark suka haska selulos da hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi, suka nuna cewa sarƙoƙi ne dogaye a kwance kusa da juna. Sannu a hankali masu musu suka yi shiru, amma sai a 1953 aka ba Staudinger lambar Nobel, shekara 33 bayan takardarsa ta farko.

Muhimmancin wannan gardama shi ne, muddin ana ɗaukar danko a matsayin cincirindo, babu yadda za a yi a tsara irinsa. Da aka tabbatar sarƙa ce, sai tambaya ta koma wane zobe za a zaɓa, kuma yaya tsawon sarƙar zai kasance.

6.0 Zamanin Ƙira da Gangan

Wanda ya fara amsa wannan tambaya shi ne Wallace Carothers, wanda kamfanin DuPont na Amurka ya ɗauka aiki a 1928. Ya zaɓi ƙananan molikul masu hannu biyu, kowane hannu yana iya kama na maƙwabcinsa, ya yi ta ƙulla su ta hanyoyin da kowane masani ya yarda da su. Da haka ya gina sarƙoƙin da babu mai musun tsawonsu. A 1930 wani mataimakinsa, Julian Hill, ya tsoma sanda cikin irin wannan narkakken abu ya jawo, sai ga zare. Ya kuma lura cewa in aka ja zaren bayan ya huce, ƙarfinsa yana ƙaruwa, domin sarƙoƙin suna miƙewa su jeru, kamar yadda mai kaɗi take daidaita sabi kafin ta murza shi. Ran 28 ga Fabrairu 1935 aka haɗa nailan. Carothers ya rasu a 1937 yana da shekara 41, bai ga fitowarsa kasuwa ba. An fara da burushin goge baki a 1938, sa'an nan safar mata a 1940.

Ita kuwa polietilin, uwar leda, a Ingila aka same ta. A watan Maris 1933 Eric Fawcett da Reginald Gibson na kamfanin ICI suka matse iskar etilin da matsin da ya fi na iskar da muke shaƙa sau fiye da 1,000, a zafin digiri 170, suka tarar da wani farin abu kamar kakin zuma a jikin tukunyar. Daga baya aka gane cewa 'yar iskar oksijin da ta sulala ciki ce ta tayar da ƙullin. Masana'antar farko ta soma aiki ran 1 ga Satumba 1939, ranar da Jamus ta auka wa Folan. Sai aka mai da ita sirrin soja, aka riƙa naɗe wayoyin na'urar hango jiragen sama da ita.

Yaƙin Duniya na Biyu shi ne ya mai da waɗannan gwaje-gwaje manyan masana'antu. Da Japan ta kama Malaya a 1942, Amurka ta rasa yawancin dankon da take saye, sai gwamnati ta haɗa kamfanoni da jami'o'i su yi na sinadari. A 1945 abin da suka samar ya haura tan 700,000. Nailan ya koma lemar saukar sojoji da igiyoyi. Jamus ma ta yi nata dankon mai suna Buna, kuma kamfanin IG Farben ya gina masana'antarsa kusa da sansanin Auschwitz da aikin tilas na fursunoni, dubbai suka mutu a wurin. Wajibi ne mu ambaci wannan, don a ga cewa zaluncin da ya bi dankon daji a Kwango bai ƙare da zuwan na sinadari ba.

Bayan yaƙi, Karl Ziegler na Jamus ya gano a 1953 cewa wani haɗi na ƙarafan titaniyam da alminiyam yana zuga etilin ta ƙullu ba tare da matsi mai tsanani ba. Sarƙar da ake samu ta wannan hanya miƙaƙƙiya ce, ba ta da rassa, saboda haka tana jeruwa sosai ta yi tauri. Ita ce ta jarka da bokiti, mai rassan kuwa ita ce ta leda mai laushi. A 1954 Giulio Natta na Italiya ya bi wannan hanya ya sami polifurofilin, wadda ake yin buhun taki da igiya da kujerun biki da ita. Su biyun sun raba lambar Nobel a 1963. Tun a 1941 kuma Whinfield da Dickson suka haɗa poliyesta a Ingila, wadda ta zama yadin sawa, daga baya ta zama gorar ruwa da ta lemo. Jakar leda mai hannu, irin wadda muka sani, wani injiniya ɗan Suwidin, Sten Gustaf Thulin, shi ya tsara ta, kamfaninsa ya sami takardar mallakarta a 1965. Dukkan waɗannan daga man fetur da iskar gas ake samun zobbansu, arhar mai kuwa ita ta sa suka yi arha.

7.0 Shigowar Roba Ƙasar Hausa da Matsalar Ƙarko

Bayan samun 'yancin kai, musamman a shekarun arzikin man fetur na 1970, kayan roba suka cika kasuwanninmu, aka kuma kafa masana'antunsu a unguwannin Bompai da Sharaɗa da Calawa a Kano. Jarka ta ture tulu, kwanon roba ya ture akushi da ƙwarya, tabarmar roba ta ture ta kaba, leda ta ture ganye da takarda. Masassaƙa da maginan tukwane da masu gyartai sun rasa kasuwa mai yawa. A shekarun 1990 aka soma sayar da ruwan sha a leda. Masana'antar Eleme da ke kusa da Fatakwal, wadda aka sayar wa kamfanin Indorama a 2006, tana samar da ƙwayoyin polietilin da polifurofilin da ake narkarwa a yi waɗannan kaya.

Rashin adalci ne mu musa amfanin da aka samu. Sirinjin da ake yin allura ɗaya da shi a yar, da ledar ƙarin jini da ta ƙarin ruwa, da gidan sauro mai magani, da bututun ruwan famfo, duk polima ne, sun kuma ceci rayuka masu yawa. Manoman wake a Nijeriya da Nijar sun san buhun nan mai ruɓi uku da ake kira PICS, wanda masanan Jami'ar Purdue ta Amurka da takwarorinsu na Arewacin Kamaru suka tsara, aka soma yaɗa shi a 2007. Leda biyu ce ta polietilin a cikin buhun polifurofilin, in aka ɗaure bakinsa iska ba ta shiga, sai ƙwarin wake su mutu ba tare da an zuba guba ba.

Matsalar tana cikin ƙirar sarƙar kanta. Sitaci da selulos da furotin suna da zarrar oksijin ko naitirojin a mahaɗar zobbansu, ƙananan halittun ƙasa kuma suna da sinadaran da suke tsinke su a daidai nan. Shi ya sa tsohuwar ƙwarya take komawa taki. Polietilin kuwa kabon ce ɗaure da kabon tun daga farko har ƙarshe, babu mahaɗar da waɗannan halittu suka saba da ita. Rana takan farfasa ta ta zama ɓurɓushi, amma ɓurɓushin yana nan a ƙasa da ruwa.

Wani ƙiyasi da Roland Geyer da abokan aikinsa suka buga a 2017 ya nuna girman al'amarin. A 1950 duniya ta samar da roba tan miliyan 2, a 2015 kuwa tan miliyan 380. Jimillar abin da aka ƙera a tsakanin ya kai tan miliyan 8,300, daga ciki tan miliyan 6,300 sun zama shara. Kashi 9 cikin 100 na sharar aka sake sarrafawa, aka ƙone kashi 12, sauran kashi 79 suna jibge a juji ko a warwatse. A wurinmu sakamakon a bayyane yake. Leda tana toshe magudanan ruwa ta jawo ambaliya da sauro. Mahauta suna tarar da ita a dunƙule cikin tumbin shanu da tumaki, bayan ta hana dabbar ƙiba. Ta kan kuma bi takin juji ta shiga gona. Hura wuta da ita, wanda ya zama al'ada a gidaje da yawa, yana fitar da hayaƙi mai cutarwa, balle in robar PVC ce mai sinadarin kulorin.

Ƙasashe sun ɗauki matakai. Bangaladash ta hana siririyar leda a 2002 bayan ta ga yadda take toshe magudanai lokacin ambaliya, Ruwanda ta bi a 2008, Kenya a 2017. Jamhuriyar Nijar ta kafa dokar hani a 2014, Jihar Legas kuma ta hana mazubin abinci na robar kumfa a 2024. A watan Maris 2022 ƙasashe 175 suka amince a Nairobi cewa za a tsara yarjejeniyar duniya a kan sharar roba, amma zaman Busan na 2024 da na Janiba na 2025 duk sun watse ba a daidaita ba. Babban abin saɓanin shi ne ko za a ƙayyade yawan robar da ake ƙerawa, ko kuwa a tsaya ga kwashe shara kawai.

8.0 Kammalawa

A cikin wannan takarda mun bi polima ta matakai uku: zamanin da aka yi aiki da ita ba a san ƙirarta ba, da zamanin da Staudinger ya tabbatar da sarƙarta, da zamanin da aka riƙa ƙera ta da gangan. Mun kuma ga cewa a matakin farko Afirka ce take ba da danko da haure da ƙaro da auduga, a na ƙarshe kuwa ta zama mai saye da mai zama da shara, ba ta da hannu a matakin tsakiya inda ilmin yake.

Saboda haka muna ba da shawarwari uku. Na farko, a bambanta wa jama'a tsakanin inda ake bukatar ƙarko da inda ba a bukatarsa. Bututun da zai shekara 50 a ƙarƙashin ƙasa ya dace da robar da ba ta ruɓewa, ƙunshin ƙosan da za a ci cikin minti 10 kuwa bai dace da ita ba. Na biyu, tun da yake yawancin robobin gida masu narkewa ne, masu tsintar su a juji suna yin aikin da ya cancanci tsari da kariya daga hukuma, da kuma horo a kan rarrabe iri-iri, domin gaurayayyar roba ba ta yin ƙwari in an narka. Na uku, sassan kemistiri na jami'o'inmu su mai da hankali ga polimar da Allah Ya hore mana, watau sitacin rogo da dawa, da selulos ɗin kara da ɓawon gyaɗa, da ƙaron Barno da Yobe da Jigawa, waɗanda ƙasa take iya cinyewa. A 2016 masana a Japan sun gano wata ƙwayar halitta mai cin robar gorar ruwa, abin da ya nuna cewa ƙofar bincike a wannan fanni a buɗe take.

Haka kuma akwai aiki a kan masana harshe da suke wannan taro. Kalmar roba ta isa ga mai saye, amma ba ta isa ga mai sarrafawa ba, wanda dole ya san wadda ake narkawa da wadda ba a narkawa, da wadda hayaƙinta guba ne. Muna fatan tattaunawar da za ta biyo baya za ta taimaka wajen daidaita kalmomin da muka gwada a nan, don a sami damar koyar da wannan ilmi da Hausa.